Itacen da Ya Dace da Gida

 

Zancenmu na yau a kan itatuwa ne. Ba na daji ba, ba kuma na gona ba, waɗannan suna da ranarsu. Muna nufin itacen da mutum zai dasa a ƙofar gidansa ko a tsakar gida, don ya sami inuwa, gidan kuma ya yi kyan gani. Mutanen birni suna kiransu itatuwan ado. Da jin kalmar ado, wani zai ce ai wannan zancen masu kuɗi ne, irin na manyan gidajen Dutse inda a ke da famfo da mai ban ruwa. Ba haka ba ne. Talaka ya fi mai kuɗi bukatar inuwa. Mai kuɗi in zafi ya dame shi sai ya kunna fanka. Mu kuwa a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ya kan wuce 40, ɗakin kwano ba ya shiguwa da rana, sai dai a ja tabarma a nemi gindin itace. Wanda ba shi da nasa sai ya tafi na wani.

Kakanninmu sun san wannan. Ku dubi sunayen garuruwan ƙasarmu. Ga Kanya, ga Kargo, ga Rafin Marke, duk a cikin ƙasar Garki, duk kuwa sunayen itatuwa ne. Taura ma, maƙwabciyarmu, sunan itace ta ke ɗauke da shi. A birnin Kano akwai Kurna, da Kasuwar Rimi, da Durumin Iya. A da, in baƙo ya tambayi hanya, da itace a ke yi masa kwatance. Yanzu wurare da yawa sai sunan ya rage, itacen babu. Farin 1973 da na 1984 sun kashe da yawa. Mutane sun ƙaru, itacen girki ya yi tsada, gatari ya ci sauran. Ƙasarmu kuwa jigawa ce, rairayi ne mai saurin tashi, daga nan ma jiharmu ta samo sunanta da aka ƙirƙiro ta a 1991. In babu abin da zai tare iska, ƙura har cikin tukunyar miya.

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin. An dasa dogayen layukan itatuwa a arewacin jihar nan don tare iska, kuma a 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma musamman ta aikin nan na shingen itatuwa da ƙasashen Afirka suka shirya don tsai da hamada. Jigawa tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Amma hukuma ba za ta shigo tsakar gidanku ta dasa muku itace ba. Ko ta ba ku dashe kyauta, ba ita za ta shayar da shi ba. Ko wace damina a kan raba dashe, mutane su karɓa da murna, kafin damina ta zagayo an nemi rabinsu an rasa. Ba mugunta ce ta jawo haka ba. Ko dai an dasa itacen da bai dace da wurin ba, ko kuma an ɗauki fiye da abin da za a iya shayarwa.

To, bari mu yi ɗan lissafi, tun da ya ke kun fara koyonsa. Ƙaramin dashe yana son bokiti guda na ruwa sau 2 a mako. Raninmu daga Oktoba ne zuwa farkon Yuni, watau wajen mako 35. In kun ninka 35 sau 2, kun sami bokiti 70. Wannan na itace ɗaya ke nan. Wanda ya karɓo dashe 10, ya ɗora wa gidansa bokiti 700. Wa zai jawo su daga rijiya? Mun san amsar, mata da yara ne. Saboda haka shawararmu ita ce ko wane magidanci ya tsaya a kan 2 ko 3 a shekara. In sun kama, baɗi ya ƙara.

Yanzu sai zaɓen iri. Za mu fara da dalbejiya, gama ita ce ta fi yawa a garuruwanmu. Waɗansu suna ce mata dogon yaro, waɗansu maina, a Katsina da Nijar kuma bedi. Yara da yawa suna tsammani tun fil azal tana nan. A'a, baƙuwa ce. Asalinta daga Indiya ne da Bama. A 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno, daga can ta bazu ko ina a Arewa. Alhazanmu da suka tsaya a filin Arfa sun gan ta can ma, an dasa dubbai don mahajjata su sami inuwa. Abin da ya sa ta karɓu shi ne haƙurinta. Tana jure fari, tana tsiro a rairayi, tana da saurin girma, kuma a tsakiyar bazara, sa'ad da itatuwa da yawa suka zama ƙirare, ita tana nan da ganyenta, har ta yi ƙananan furanni farare masu ƙanshi da dare. Ga asuwaki, ga ganyen da a ke sa wa a rumbu don ƙwari.

Amma tana da nata aibin, kuma gara ku ji shi tun ba ku dasa ba. Saiwarta tana tafiya nesa, in ta yi kusa da katanga sai ta tsaga ta. In 'ya'yanta suka nuna, jemagu su kan taru a kanta da dare, su ɓata tsakar gida. Hatsi da kayan lambu ba su yin kirki a gindinta. Don haka wurinta ƙofar gida ne, ko bakin hanya, ko filin masallaci, nesa da bango kamar taku 10. Wanda zai shuka ta daga ƙwallo, ya tsinci sabbi ya shuka nan da nan. Ƙwallon dalbejiya in ya yi 'yan makonni a ajiye ya mutu, ko an shuka ba zai fito ba. Har wa yau, kada gari duka ya zama dalbejiya kaɗai. A shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai maƙalewa a ganye ya faɗa mata a wajen Tafkin Chadi, ya yi ɓarna ƙwarai. Garin da itacensa iri ɗaya ne, cuta ɗaya ta isa ta bar shi a rana.

Sai ceɗiya da durumi. In zancen inuwa a ke yi, babu kamarsu. Inuwarsu mai kauri ce, mai sanyi, shi ya sa a kan same su a ƙofar fada da bakin kasuwa da inda dattawa su ke hira. Dasa su kuma ba wuya. A sari reshe lafiyayye mai kaurin damtse, tsawonsa ya kai tsayin mutum, a kafa shi da farkon damina, sai ya yi saiwa. Da ya ke dogo ne tun farko, akuya ba ta kai wa ga tohonsa. To, amma ku yi hattara. Saiwar ceɗiya mayyar ruwa ce. Ko ina ta ji danshi sai ta bi shi, ko rijiya ce, ko salga, ko bututun famfo, ko gindin bangon da a ke wanka kusa da shi. Ta kan shiga 'yar ƙaramar kafa kamar zare, shekara kaɗan ta yi kauri ta fasa wurin. Ceɗiya da durumi da gamji ba na tsakar gida ba ne, sai in gidan yana da fili ƙwarai. Ku ba su taku 20 daga gini da rijiya. In babu wannan fili, ku haɗa kai da maƙwabta ku dasa guda a dandalin unguwa, kowa ya sha.

Tsamiya da maɗaci da kuka na masu haƙuri ne. Tsamiya tana da jinkirin girma, mai dasa ta jikokinsa ya ke yi wa aiki, amma in ta girma ga inuwa ga 'ya'yan kunu. Maɗaci dogo ne mai kwarjini, shi aka jera a bakin waɗansu titunan Kano tun zamanin Turawa, sai dai masu neman magani su kan sassaƙe ɓawonsa har su kashe shi. Kuka tana zubar da ganye da rani, watau lokacin da a ke bukatar inuwa ba ta da ita, amma gidan da ke da 'yar kuka a bayansa ba ya sayen miya. Ƙwallon kuka da na tsamiya suna da tauri. A zuba musu ruwan zafi, a bar su su kwana a ciki, kāna a shuka. Gawo kuma, wanda ke yin ganye da rani ya zubar da damina, ya dace da wajen turken dabbobi, ga inuwa ga 'ya'yan da tumaki ke so.

Mun san akwai masu gudun tsamiya da kuka a kusa da gida, wai matattarar iskoki ne. Ba za mu yi gardama da kowa a kan wannan ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya dasa wani abu dabam, itatuwa ba su ƙare ba. Amma zancen da a ke yi cewa itace ne ke haifar da sauro, wannan kam sai mun gyara shi. Sauro a cikin ruwa ya ke yin ƙwai, a kwatami, da kududdufi, da fasasshen tulu, da tsohuwar taya. Abin da ya ke yi a itace ɓuya ne da rana, in rassan sun cunkushe har ƙasa. Ku sassabe rassan ƙasa iska ta riƙa ratsawa, ku share gindin, ku kawar da ruwan da ke kwance. Haka kuma maciji, ba itacen ya ke bi ba, tarin shara da duwatsun da ke gindinsa ya ke bi.

Yanzu mu shiga tsakar gida, kuma a nan muna so iyayenmu mata su saurara da kyau, gama nan mulkinsu ne. Tsakar gida tana son ƙananan itatuwa, waɗanda saiwarsu ba ta da ƙarfin fasa gini. Na farko lalle. Mutane sun san shi a hannu da ƙafa, amma kaɗan ne suka lura da kyansa a tsaye. In an jera shi a gefen katanga ana aske kansa, sai ya zama shinge kore, furensa kuma yana da ƙanshin da ke cika gida da maraice. Yana kamawa daga reshe, kuma in ya kafu ba ya son ruwa da yawa. Ga ado, ga abin sayarwa lokacin biki. Na biyu zogale. Ba shi da inuwa mai kauri, amma cikin shekara guda ya wuce tsayin mutum, yana da fararen furanni, ganyensa kuma abinci ne mai gina jiki, musamman ga yara da masu shayarwa. A riƙa sare kansa don ya yi rassa a ƙasa inda hannu zai kai. Sai rumman mai jan fure, da lemun tsami, da gwaba, da gwanda. Waɗannan huɗu sun fi son ruwa, sai a sa su kusa da inda a ke alwala ko wanke hatsi, ruwan da da zai tafi a banza ya zama nasu. Taku 3 ko 4 daga bango ya ishe su.

Mangwaro kowa yana sonsa, amma a rairayinmu sai da ban ruwa sosai a shekarun farko. Wanda ke da rijiya a gida ko yana kusa da fadama ya gwada. Ya nemi mai aure, watau wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani. Mai aure ya kan fara 'ya'ya a shekara 3 ko 4, kuma bai cika yin tsawo ba. Na ƙwallo ya kan kai shekara 6 ko fiye, kuma ba ka san irin 'ya'yan da zai ba ka ba.

Dabino abin alfaharin Dutse ne, har akwai tashar binciken dabino ta Gwamnatin Tarayya a can. Yana da kyan gani a ƙofar gida, saiwarsa kuma ba ta ɓarna. Sai dai ku san abu biyu. Akwai namiji akwai mace, mace ce kaɗai ke 'ya'ya, ita ma sai an kaɗa mata garin furen namiji. In ka shuka ƙwallo, sai ka yi shekaru kana jira kafin ka san wanne ka samu. Hanyar da ta fi ita ce a ciro ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai kyau, shi zai gaji uwarsa. Abu na biyu, ƙananan dabino suna da ƙaya mai tsini daidai idon yaro, sai a yanke ta. Inuwa kuwa, kada ku sa rai. Shi da giginya duk ɗaya ne, kun san abin da Hausawa ke cewa, inuwar giginya na nesa ka sha.

Akwai kuma itatuwan dajinmu masu fure waɗanda ba mu ɗauke su a bakin kome ba, don mun saba ganinsu. Sansami ya kan rufe kansa da fure mai ruwan hoda da rani, tun ganye bai fito ba. Minjirya tana yin ja wur. Marga tana sako furanni rawaya, reto reto, da bazara. An fi samun waɗansunsu kudu da mu, wajen Birnin Kudu da Gwaram, inda ruwan sama ya fi namu. A ganinmu ko ɗaya daga cikinsu bai gaza na kanti kyau ba, ga shi sun san ƙasar, sun san rani. In kun ga ɗan ƙaraminsu ya tsiro da kansa a bayan gida ko a kan iyaka, kada ku sare. Ku kewaye shi, ku rage masa rassa, ku bar guda ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Da irin wannan dabara ce manoman Maraɗi da Damagaram suka mai da itatuwa miliyoyi a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ba tare da sun sayi dashe ba. Wanda ya tsiro da kansa ya riga ya yi saiwa mai zurfi, ba ya bukatar bokitinku.

Masu zuwa Dutse da Kano suna ganin masu sayar da fulawa a bakin titi, da itatuwa iri iri a cikin leda. Ba mu hana kowa saye ba, amma ku tambaya kafin ku biya. Akwai wani mai jan fure kamar wuta, mai dogayen kwasfa, asalinsa daga tsibirin Madagaska. Yana da kyau ƙwarai a ƙarshen bazara, amma ya kan yi tsirara da rani, saiwarsa tana bin saman ƙasa tana ɗaga daɓe, reshensa kuma ba shi da ƙwari. Akwai wani siriri dogo mai ganye a sunkuye, daga Indiya, wanda a ke jerawa a jikin katangar manyan gidaje. Wannan ba shi da inuwa, kuma in babu famfo ba ya rayuwa a nan. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce fulawar nan mai ƙaya mai hawa katanga, wadda furenta ya ke kamar takarda, ja ko fari ko ruwan hoda. Daga Amurka ta Kudu ta fito, tana son rana, kuma ƙarancin ruwa ma shi ke sa ta fure.

Ga gargaɗi, kuma muna so ku riƙe shi. Akwai wani ɗan itace mai siraran ganye, mai fure rawaya kamar ƙararrawa, in an karya reshensa sai farin ruwa kamar nono ya fito. A kan dasa shi a makarantu da ofisoshi don awaki ba su cinsa. Dalilin da ya sa ba su ci, dafi ne da shi, tun daga ganye har ƙwallo, kuma ƙwallonsa yana iya kashe yaro. Kada ku kai shi gidan da ke da yara. Bini-da-zugu da mu ke shinge da shi, shi ma 'ya'yansa suna sa amai da zawo mai tsanani in yaro ya ci. In hakan ta faru, a kai yaron asibiti nan da nan, a tafi da reshen itacen don ma'aikata su gani. Turare kuma, dogon nan mai ƙanshin ganye da a ke dasawa a layukan tare iska, a bar shi can. Yana shan ruwa da yawa, kuma reshensa ya kan karye ba zato.

To, a wane gefen gida za a dasa? Ku lura da rana da iska. Ranar la'asar ita ce ke dukan bangon yamma, bangon ya riƙe zafin har tsakar dare, shi ya sa ɗaki ya kan hana barci. Itacen da ke yamma da ɗaki ya fi ko wanne amfani. Hadarinmu kuwa daga gabas ya ke tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa. Babban itacen da ke gabas da ɗaki, in ya karye, a kan ɗakin zai faɗo. Saboda haka na gabas ya yi nisa, ya tare muku iska da ƙura amma ko ya faɗi kada ya kai ga rufi. Mai soro kada ya bar reshe ya haye bisa rufinsa, gama ganye ya kan toshe indararo, ruwa ya kwanta, soro ya yi yoyo. Ku ɗaga kai kuma ku duba ko akwai wayar lantarki.

Sa'an nan ku tuna da maƙwabci. Itace ba ya sanin iyaka. Reshe zai tsallaka, ganye zai zuba a gidan wani, saiwa za ta shiga ƙarƙashin katangarsa, yara kuma za su hau su leƙa inda mata su ke. Ƙararraki da yawa da ke zuwa gaban mai unguwa daga nan su ke farawa. Kafin ka haƙa rami kusa da katangar da kuka haɗa da wani, je ka gaishe shi, ka ce, "Malam, ga abin da na ke so in dasa, ga inda zan sa shi." Maganar minti biyar ce.

Yadda a ke dasawa ba wuya. Tun da bazara a haƙa rami, faɗinsa ƙafa 2, zurfinsa ƙafa 2, watau kamu ɗaya da ɗan ƙari. Ƙasar sama a tara ta gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A cuɗa ƙasar saman da ruɓaɓɓen taki kamar kwando guda, da ɗan toka, a mayar cikin ramin. Ruɓaɓɓe muka ce. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Sai a jira ruwa ya zauna sosai, watau cikin watan Yuli. Kada ku wuce farkon Agusta. Wanda aka dasa a ƙarshen damina bai gama kafa saiwa ba rani zai same shi. A dasa da yamma, bayan an yi ruwa. A tsaga ledar da reza a cire ta duka, amma kada ƙasar da ke jikin saiwar ta warwatse. Mun sha ganin dashen da aka binne da ledarsa, mai shi yana mamakin abin da ya hana shi girma. Kada a zurfafa shi fiye da yadda ya ke a cikin ledar. A danna ƙasa da ƙafa, a yi masa ɗan gurbi kewaye don ruwa ya tsaya, a ba shi ruwa.

A ranar da aka dasa, a ranar za a kewaye shi. Ba gobe ba. Akuya ba ta jiran gobe, kuma abin da ka yi wata uku kana reno, ita a cizo biyu ta gama da shi. Ƙayar magarya ko ta aduwa ta isa, ko kara da aka saƙa, ko tubali da aka jera da tazara don iska ta shiga, ko tsohuwar ganga da aka fasa gindinta. Shingen ya kai ƙirjin mutum, gama akuya tana miƙewa a kan ƙafa biyu. Zai zauna shekara 2 ko 3, sai kan itacen ya fi ƙarfin bakinta.

Aikin gaske yana farawa ne ran da ruwa ya ɗauke. Yayyafi kullum ba shi da amfani, saman ƙasa kaɗai ya ke jiƙawa, saiwa kuma ta taso sama tana nemansa, rana ta ƙone ta. Gara a ba shi bokiti cikakke sau 2 a mako, da yamma, ruwan ya nutse ƙasa, saiwa ta bi shi. Ga wata dabara mai rage wahala. Ku sami tsohon tulu ko tukunyar ƙasa, ko da ta ɗan tsage, ku binne ta kusa da dashen har wuya, ku cika ta da ruwa, ku rufe bakin da kasko don sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa ta ke. In babu tulu, gorar roba da aka huda gindinta da allura ta yi. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa kewaye da gindin don danshi ya daɗe, amma kada ya taɓa jikin itacen, saboda gara. Ruwan alwala da na wanke gero ko shinkafa duk suna da kyau. Ruwan wanki mai yawan sabulu, da ruwan kanwa ko gishiri, a kai su wani wuri.

A rani na biyu sai a rage ruwan, sau ɗaya a mako ya isa. Daga na uku, dalbejiya da lalle da tsamiya sun kama kansu. A lokacin nan ne kuma a ke gyara wa itace tsayuwa. In ya karkata, a kafa masa sanda a ɗaure da tsumma, ba da waya ba. In ya yi kai biyu, a cire ɗaya. A yanke rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, kaɗan kaɗan, har mutum ya iya wucewa ƙarƙashinsa ba tare da ya sunkuya ba.

Ga aikin da za ku yi kafin haɗuwarmu ta mako mai zuwa. Ko wannenku ya zana gidansa a littafinsa, ya nuna gabas da yamma, da inda rijiya da salga su ke. Ya auna da ƙafarsa taku nawa ne daga bango zuwa inda ya ke so ya dasa, ya rubuta adadin. Ya rubuta sunan itacen da ya zaɓa, da sunan wanda zai riƙa ba shi ruwa, bayan ya tambaye shi ya yarda. Waɗanda suka gama, za mu haɗa sunayensu mu kai wa ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma, mu ji irin dashen da su ke da shi bana. Mai lalle ko ceɗiya ko zogale a gidansa kuma, ya taimaki 'yan ajinsa da reshe in damina ta faɗi.